Sunan jinjira da shigar da yarinya mai matsalar ji lakkwal: ta ina zan fara?

Maman Rabi, unguwar Zariya

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya biyu gare ni, kuma duk a kan gida ɗaya suke.

Cikina wata takwas, an duba an ce mace ce in Allah ya yarda. Maigida yana so a mayar da sunan mahaifiyarsa, Rakiya. Ni ban ƙi ba, sai dai babbar ɗiyarmu sunanta Rabi, shekararta shida, kuma sanƙarau ya taɓa mata kunne tana da shekara huɗu. Yanzu ba ta ji sai an ɗaga murya sosai ta wajen kunnen dama, yawanci bakin mutum take kallo. Shin Rabi da Rakiya ba za su riƙa rikice mata ba?

Ta biyun ita ta fi damuna. Ina so ta shiga lakkwal, wato makarantar firamare, a nan Maradi in an koma a watan Oktoba. Ba ta da takardar haihuwa, karnen asibiti, ɗan littafin nan na awo, kawai gare ta, shi ma Rabi aka rubuta alhali sunan yanka Rabi'atu ne. Maganarta tana raguwa, yaran unguwa kuma sun fara ce mata Kurma. Wace makaranta ta dace da ita, wa zan gani, me zan riƙa a hannu? Wanda ya san hanya ya taimaka mini dalla-dalla, don Allah.

Baba Mai Rajista

Wa alaikumus salam, Maman Rabi. Allah ya sauke ki lafiya. Ni ɓangaren takarda zan ɗauka, don shi ne mai cin lokaci, kuma shi ake iya farawa tun gobe da safe.

Na jinjira tukuna, nata ne mai sauƙi. Dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta 2019, mai lamba 2019-29, ta ba da kwana 60 daga ranar haihuwa a je a sanar, kuma sanarwar kyauta ce. In a matanite, wato asibitin haihuwa, ko CSI, cibiyar lafiya ta unguwa, kika haihu, a nan ake cika ta. Ga inda mutanenmu suke faɗuwa: ana sallamar mai jego kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, suna kuwa sai ranar bakwai. Sai a bar gurbin suna babu komai, a ce za a dawo, hidimar biki ta ɗauke hankali, kwana 60 su wuce. Don haka washegarin suna maigida ya koma da kansa, da katin ɗan ƙasa nasa da naki, da sunan yarinya a rubuce a ƴar takarda. Sannan ku sani sanarwar da aka cika a asibiti ba ita ce takardar haihuwa ba. Ana tura ta meri, wato ofishin magajin gari, kuma birnin Maradi gunduma uku ne, sai a karɓo a merin gundumar da aka yi haihuwar.

Rubutun sunan ku tsayar da shi a gida kafin a je. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, waɗannan takardu har yanzu da salon rubutun Faransanci ake cika su, kuma kowane ma'aikaci da yadda hannunsa ya saba. Rakiya ɗaya tana iya fitowa Rakia, Rakiatou, Rékia ko Roukaya. Sunan uba ya fi shan wahala: Mahamadou a wannan takarda, Mahaman a waccan, Mamane a ta uku. A kwafe shi harafi-harafi yadda yake a katinsa. In an miƙo takardar, a karanta ta a tsaye a wurin kafin a fita. Kuskuren da aka gani nan take gyaransa ba wuya, wanda aka gano sai ranar cika takardun jarrabawar ƙare firamare (CFEPD) ko ta ƙaramar sakandare (BEPC) kuwa sai an dangana da alƙali. Kada kuma a sa alkunya ko sunan rana a takarda. Sunan yanka kaɗai.

Ita Rabi wa'adinta ya wuce, hanyarta ta kotu ce, a yi mata hukuncin da ake ce wa jugement déclaratif. Mahaifinta zai je kotun wurin da aka haife ta da karnen asibitin nan, da katunanku, da shaidu biyu masu katin ɗan ƙasa waɗanda suka san haihuwar. Karnen nan ki riƙe shi da kyau, shi zai tabbatar da ranar haihuwa ta gaskiya. Wanda ya je hannu rabbana yakan tashi da 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. A gaban alƙali ku faɗi cikakken sunan, Rabi'atu, ku nuna yadda kuke so a rubuta shi, kuma daga ranar duk takardar da za a yi mata, ta likita ko ta makaranta, wannan rubutun za a bi. Ko Katsina ko Kano kuka kai ta asibiti, ku nuna musu su kwafa, don can Ousmane Usman yake komawa. Bayan alƙali ya sa hannu saura mataki ɗaya da ake yawan mantawa: a kai hukuncin meri a shigar da shi rajista, a ciro takardar haihuwa. Kuɗin da ake biya a tambaya a ofishin magatakardan kotu, a karɓi rasit. Lokaci-lokaci kuma alƙalai sukan fito unguwanni da makarantu su yi wannan aiki a taro, mai unguwa da diraktan lakkwal su ne suke fara jin labari.

Za a samu mai ba ku shawarar a rage mata shekara tunda za ta makara. Kada ku yarda. Takardun asibitinta suna ɗauke da shekarunta na gaskiya, in suka saɓa da ta haihuwa ku za ku sha wahala wajen neman taimako. Kuma rashin takarda kada ya hana a rubuta ta a Oktoba. Diraktoci sukan karɓi yaro da karne a ce a kawo takarda daga baya.

Malam na Limanci

Allah ya raba lafiya, Malama. Rakiya suna ne mai kyau, asalinsa Ruƙayya, ɗiyar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, matar Sayyidina Usmanu. Mayar da sunan uwa kuma girmamawa ce. Ta wannan fuska babu abin tsayawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Kurma da ake kiran yarinyar nan. Wannan ba wasan yara ba ne da za a ce su bari in sun girma. Laƙabi irin wannan in ya kama, shi yake bin mutum har tsufa, a manta sunan da aka yanka masa rago. Allah ya hana jifan juna da miyagun laƙubba a Suratul Hujurat aya ta 11. Annabi da kansa yana canza sunan da bai dace ba, ya mayar da Barra Zainab. Kuma farkon Suratu Abasa a kan makaho ya sauka, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zo neman ilimi. Mahaifinta ya bi iyayen yaran gida-gida cikin mutunci ya ce sunanta Rabi'atu. A cikin gida ma a kula, don sau da yawa daga bakin manya yara suke ɗauka, irin a ce "miƙa wa kurmar nan".

Sai maganar kuɗi. Abin da shari'a ta nema ranar bakwai shi ne a raɗa suna, a yanka dabba ɗaya ga mai hali, a yi aski, a yi sadaka. Anko da kanofi da mai kiɗa ba sa ciki. In abin hannu bai kai a yi babban biki kuma a kai Rabi awon kunne ba, a rage bikin.

Madam Mai Ajin Kurame

Sannu ƴar'uwa, Allah ya kawo mai albarka. Rabi da Rakiya ba za su rikice mata ba. Tsaya gaban madubi ki faɗe su ba tare da murya ba: a Rabi leɓɓa suna haɗuwa a tsakiya, a Rakiya baki a buɗe yake har ƙarshe, ga shi gaɓa uku ne. Inda za a samu matsala shi ne alkunya. Sunan surukarki ne, ba za ki iya kamawa ba, gidan zai koma Ummi ko Mami. To b da ɓ da m duk kamarsu ɗaya a ido, Ummi da Mami da Rabi kuwa duka da rufe leɓe da jan baki gefe suke ƙarewa. Daga ƙofar ɗaki, ko da magariba, za ta riƙa amsa kiran da ba nata ba, ta ga ana faɗa ta zaci da ita ake. Ku zaɓi Uwani ko Nana. Uwani da zagayen leɓe yake farawa, Nana baki a buɗe sau biyu, ba mai kama da nata. Sannan ku bar Rabi ta raɗa wa ƙanwarta suna na hannu, alama ɗaya da kowa a gidan zai riƙa yi in ana nufin jinjirar. Kowa ma a yi masa tasa.

Batun makaranta hanya biyu ce. Akwai makarantar kurame a nan Maradi, irin wadda ke Yamai da Damagaram. Akwai kuma lakkwal ta unguwa inda za ta zauna da masu ji. Awon kunne ne zai raba gardama, ba kusancin gida ba. Sakamakon yana fitowa da lamba ta desibel ga kowane kunne: 21 zuwa 40 rauni kaɗan, 41 zuwa 70 matsakaici, 71 zuwa 90 mai tsanani, sama da 90 mai zurfi. A duba lambar kunnen da ya fi ji. In ba ta wuce 70 ba, kuma an samu na'urar ji, kuma malamin ajin ya yarda ya yi abin da zan faɗa a ƙasa, lakkwal ta unguwa za ta yi. In ta wuce 70 kuma babu na'ura, ni shawarata makarantar kurame ba tare da jinkiri ba. Yadda kika bayyana, sai an ɗaga murya kusa da kunne, ya fi kama da mai tsanani. Yaro irin wannan in an ajiye shi a aji mai mutum sittin, kwafe allo kawai zai yi. Rubutunsa ya yi kyau, kowa ya zaci yana gane karatu, sai an kai aji huɗu, CE2, a tarar bai san ma'anar ko layi ɗaya ba. Shekara uku sun tafi ke nan.

Kada ki jira Oktoba. Ki je makarantar kurame da Rabi da mahaifinta tun ana karatu, ko da zarar diraktoci sun dawo a Satumba, ta ga yara irinta suna hira da hannu, ku ma ku gani. Ku tambayi yaushe ake rubuta sababbi, da abin da ake kawowa, da ko ana koya wa iyaye maganar hannu. Wadda ake koyarwa a can tushenta na Amurka ne, ta shigo ƙasashenmu ta hanyar makarantun da Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya fara buɗewa a Gana a 1957. Ta bambanta da alamun da kuka ƙirƙira a gida, don haka dole wani a gidanku ya koya tare da ita, in ba haka ba za ta dawo da labari cike da hannu babu mai saurare.

In lakkwal ta unguwa ce, fara da ofishin sufeton makarantun firamare na yankinku, ki nemi mai ba malamai shawara kan koyarwa, ki tambaye shi wace makaranta ce ke da malamin da aka horar kan haɗa masu buƙata ta musamman da sauran yara. Ƙungiyar Handicap International, wadda yanzu ake kira Humanité & Inclusion, ta yi irin wannan aiki a Maradi, amma malamai ana canza musu wuri, shi ya sa malamin za ki nema, ba sunan makaranta ba. Ki kuma nemi reshen tarayyar ƙungiyoyin masu naƙasa, FNPH, da ƙungiyar kurame. Su suka fi kowa sanin inda ake raba na'ura da wanda zai raka ki ofis. Buƙatarki a rubuta ta, kofi biyu, a buga hatimi a ɗaya ki dawo da shi gida. Maganar baki tana bin diraktan in an ɗauke shi.

A cikin aji ga abin da za ki roƙa, kuma ko ɗaya ba ya cin ko dala. Ta zauna benci na biyu, ba na farko ba, don na farko ƙasan haɓar malami take gani. Ta zauna ta gefen da kunnen dama zai fuskanci malami, taga tana bayanta, haske ya sauka a fuskarsa. Tsakaninsu kada ya wuce mita biyu in yana bayani. Kada ya yi magana yana rubutu a allo, ya rubuta, ya juyo, sannan ya yi bayani. Kada ya yi ihu ko ya wage baki, yin haka yana ɓata siffar kalma a leɓe. Takunkumin ƙura lokacin hunturu, da cin goro, da mayafin da ya rufe baki, duk suna toshe mata hanya. In wani yaro ya ba da amsa daga baya, malami ya nuna shi da hannu ya maimaita abin da ya ce. Lissafin da ake yi da ka a rubuta amsa a ƙananan alluna, inda malami yake faɗin tambaya ya buga tebur a rubuta ya sake bugawa a ɗaga, nan ake yawan zaluntar irinsu, don ba ta ji tambayar ba balle bugun. Ya rubuta lambobin a allo ya nuna ya goge, ya ɗaga hannu maimakon bugu. Shifta kuma a ba ta hoto ta rubuta sunan abin, ko jimla mai gurbi ta cika. A zaunar da ita kusa da yarinya mai haƙuri wadda za ta nuna mata shafi, amma a riƙa canzawa kowane wata don kada ta zama nauyin mutum ɗaya. Ki sayi ƙaramin littafi da zai riƙa kai-komo tsakaninki da malami, ya rubuta darasin gobe da kalmomi biyar zuwa goma, ku nuna mata su da dare da hoto ko da abin kansa. Ku tuna Hausa ta sani, karatun kuwa da Faransanci ne, kalmar da ba ta taɓa ji ba ba za ta iya karanta ta a baki ba sai an gabatar mata da ita.

In ajin zana ne, ta zauna kusa da ƙofa, kuma a ɗora wa wani babba alhakin kama hannunta in wani abu ya faru. Ba mu manta gobarar Nuwamba 2021 a garin nan ba, wadda ta ci yara fiye da ashirin a azuzuwan zana. Wanda ba ya jin ihu shi ne na ƙarshen tashi. Hanya ma haka, ba ta jin hon ɗin kabu-kabu daga baya. A raka ta, ta riƙa tafiya tana fuskantar abin hawa.

Abu na ƙarshe mai nauyi ne amma dole in faɗa. Masu lalata yara sukan zaɓi wadda suke ganin ba za ta iya ba da labari ba. Ki koya mata sunayen sassan jikinta da baki da hannu, da alamar "a'a", da alamar "wane ne", da cewa duk wanda ya taɓa ta ta zo ta nuna miki. Wannan kafin ranar farko ta makaranta.

Majo na CSI

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Madam ta ce awo ne zai raba gardama, to ga yadda ake samunsa. Ki fara da CSI ɗinku a leƙa kunnen da fitila, don dattin kunne da ya toshe ko ruwa a bayan fatar kunne suna ƙara wa rashin ji, kuma su ana magance su. Daga nan a ba ki takardar turawa zuwa likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa, a babban asibitin jiha, CHR, ko Asibitin Referans. Ki tambaya tun kafin ranar ko na'urar awon ji tana aiki, in ba ta yi a faɗa miki inda za a tura ku. Mai shekara shida tana iya yin awon: ana sa mata abin saurare a kai, duk sanda ta ji sauti ta ɗaga hannu ko ta jefa dutse a kwano. Ku gwada wannan wasa a gida kwana biyu kafin ku je, ta je a ƙoshe ba da barci a ido ba. Ki karɓi takardar sakamakon mai zane, da takardar shaidar likita, ki yi musu kofi uku-uku. Kyautar magani da aka fara a 2006 ta yaran da ba su kai shekara biyar ba ce, Rabi ta wuce, ki tafi da guzuri.

Gaskiyar da ya kamata ki ji: rashin jin da sanƙarau ya bari a can cikin kunne yake, inda jijiya take karɓar sauti, kuma ba ya dawowa da magani. Man zaitun, man kaɗanya, ruwan ganye, hayaƙi, babu wanda zai kai wurin, sai dai ya jawo ƙuna ko mugunya. Ciwon yakan taɓa ma'aunin tsayuwa na jiki ma, in kin ga tana tangaɗi cikin duhu daga nan ne, ki faɗa wa likita.

Na'urar ji, wato aparai, kada ki sayi ta kasuwa ko ta masu talla a waya. Waɗannan ƙara kawai suke yi wa komai, suna iya lalata ɗan jin da ya rage. Ta gaskiya ana saita ta da kwamfuta bisa sakamakon awonta. Ta yara ita ce mai ratayuwa bayan kunne, da ɗan bututu, da abin toshe kunne da ake zubawa daidai da kunnenta. Kunnen yaro yana girma, don haka abin toshewar nan yakan so canji bayan wata shida zuwa shekara. In kin ji na'urar tana fito, yawanci ya yi sako-sako ne ko bututun ya tsage. Pil ɗinta, wato batir, lamba gare shi, 13 mai takarda ruwan lemo ko 675 mai shuɗiya, yakan yi mako ɗaya zuwa uku. In an ɓare takardar a jira minti ɗaya kafin a sa, kuma da an ɓare ya fara ci ko ba a yi amfani da shi ba. Tun kafin ki karɓi na'ura, ko kyauta ce, ki tambayi inda ake sayar da pil ɗin da wanda zai gyara. Da yawa a akwati suke ƙarewa saboda wannan. Gumi da ƙura su ne abokan gabarta: da dare a buɗe murfin pil, a goge da busasshen ƙyalle, a sa a gwangwani mai murfi da ƴan ƙwayoyin nan masu shan danshi. Kowace safiya ki tsaya bayanta ki ce a, u, i, sh, s, m ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga hannu in ta ji. Ranar da ta kasa jin wanda ta saba ji, a duba pil da bututu. Pil ɗin nan kuma a ɓoye shi nesa da jinjira, haɗiye shi yana ƙona maƙoshi.

Ita jinjirar, rigakafi ne kariyarta: na ranar haihuwa, na mako 6 da 10 da 14, da na wata tara. A cikinsu akwai masu kare wasu nau'o'in sanƙarau da ƙyanda, waɗanda duk suna kurmantarwa. In idonta ko jikinta ya yi rawaya a makon farko, a kai ta asibiti ranar, kada a jira a gama suna, shawara mai tsanani tana taɓa ji da ƙwaƙwalwa. Ranar aski kuma a tsaya a aski, kada a cire mata beli.

Maman Rabi, unguwar Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun tsaya a kan Rakiya, za a riƙa kiranta Uwani. Madam, saura abu biyu. Maigida yana tsoron in ta koyi maganar hannu za ta daina magana da baki gaba ɗaya, yana ganin a jira a samu aparai tukuna. Sannan in diraktan lakkwal ya ce ba su da malamin irinsu, me zan ce masa?

Madam Mai Ajin Kurame

Ki ce wa Alhaji tsoronsa na uba ne mai kula, amma abin da yake rage mata magana shi ne ba ta jin muryar kanta, ba hannu ba. Rabi tana da abin da wanda aka haifa kurma ba shi da shi, shekara huɗu ta yi tana ji tana magana, Hausa tana kanta. Yadda za a riƙe wannan shi ne a yi duka biyun a tare: ki taɓa kafaɗarta, ki durƙusa fuskarku ta daidaita, ki faɗi kalmar da baki kina yin alamarta, ki jira ta maimaita da murya. In lafazin ya karkace kada a yi dariya, kada kuma a tsare ta sai ta gyara, ki sake faɗa daidai sau ɗaya ku wuce. Ku ware minti goma sha biyar kullum wuri shiru, a kashe rediyo, ta ba ki labarin abin da ta gani ranar. Surorin da ta haddace kafin ciwon a riƙa bi da ita tana kallon baki, kada su zube. Jiran aparai kuwa yana iya kai shekara, kuma ko ta zo ba za ta mayar da ji yadda yake da ba, musamman cikin hayaniyar aji. A nema, amma kada a dakatar da komai dominta.

Shi kuma diraktan, kada ki yi jayayya da shi a tsakar makaranta. Wataƙila gaskiya ya faɗa, ba shi da wanda aka horar. Ki roƙe shi ya rubuta miki dalilin a takarda, ki kai ofishin sufeto tare da wakilin FNPH ko na ƙungiyar kurame, su nuna makarantar da za ta karɓe ta. Dokar ilimi ta 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, ga kuma doka mai lamba 2019-62 da ta shafe su. Ki nemi shugabar ƙungiyar iyaye mata ta makarantar da wani ɗan kwamitin kula da makaranta, CGDES, su ne za su tuna wa malami batun benci da littafi in ke kina jego. Tunda haihuwa ta matso, ku raba aikin tun yanzu: Alhaji ya ɗauki kotu da meri, wata ƴar'uwarki da Rabi ta saba da ita ta ɗauki asibiti da makarantar kurame, ke kuma ki riƙe jakar takardun.